Daga Tasawa zuwa Mayahi: neman muryoyin nesa a cikin ƙugi

Duk wanda ke bin babbar hanyar kwalta daga Maraɗi zuwa Damagaram ya san Tasawa a matsayin zango. Nan direba ke tsayawa ya duba taya, fasinja su sauka su yi salla, su sayi tsire ko ƙosai a tsaitsaye, sa'an nan a ci gaba da tafiya. Garin yana kusan rabin hanya, bayan an wuce Agye da Gazawa. Galibin matafiya ba su wuce bakin tasha, saboda haka kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa garin da suke kurɓar ruwa a cikinsa ya girmi hanyar da ta kawo su nesa ba kusa ba. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawon ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya sauka Tasawa cikin watan Janairu 1851 kafin ya nufi Katsina da Kano. A gabas da garin, wajen Maijirgi, aka kashe Voulet da Chanoine cikin watan Yuli 1899, bayan ɓarnar da rundunarsu ta yi tun daga bakin kogin Kwara. Tasawa ce kuma mazaunin kumandan a wannan yanki har zuwa 1927, lokacin da aka mai da mulki Maraɗi.

A zamanin Barth, labari da ƙafar raƙumi yake tafiya. Abin da ya faru a Agadas ko a Kano sai ayari ya iso kasuwa ake jin sa, kuma kafin ya iso ya riga ya tsufa, ya sha gishiri a bakin fatake. Shekara ɗari da ƴan kai bayan haka, akwatin radiyo ya shigo ya mai da kowane zaure kasuwar labari. Abin da ya kai ni Tasawa cikin sanyin Janairu 2025 shi ne jin yadda wannan kasuwa take ciki, a daidai lokacin da hukumomin ƙasa suka dakatar da shirye-shiryen BBC na tsawon wata uku, tun daga 12 ga Disamba 2024, bisa zargin yaɗa labarin ƙarya game da wani hari a yankin Tera. RFI kuwa tun watan Agusta 2023 aka rufe ta a zangon FM. Wanda ke son jin waɗannan tashoshi a akwatinsa, sai ya koma tsohuwar hanya, wato gajeren zango.

An haɗa ni da wani tsohon mushen lakwal da ya yi ritaya, wanda mutanen unguwarsu ke yi wa kallon gwanin wannan fanni. Zan kira shi Mushe kawai, kamar yadda kowa ke kiran sa. Ya fara koyarwa a ƙarshen shekarun 1970, ya yi ƙauyuka da dama tsakanin Korgom da Urafan, kuma duk inda aka tura shi, kafin ya shimfiɗa tabarma sai ya ɗaura waya a reshen itace. Akwatinsa ƙirar Grundig ne, ya saye shi hannu biyu a Kano, fatarsa ta koɗe, amma allurar neman tasha tana gudu sumul kamar an shafa mata mai jiya. Kusa da akwatin akwai tulin kaye irin na ƴan lakwal, ya rubuta rana, da ƙarfe nawa, da mita nawa, da tashar da ya kama, da ƙarfin muryarta daga ɗaya zuwa biyar. Cikin wata tsohuwar ambulan kuma yana ajiye da katunan da gidajen radiyo na ƙasashen waje suka aiko masa ta gidan waya, shaidar cewa lalle ya ji su.

Da ƙarfe takwas da rabi na dare ya gabato, lokacin shirin dare na sashen Hausa na BBC, sai ya ce: "Ɗana, matso ka ji da kunnenka, kada gobe ka rubuta cewa tsufa ne ya toshe mini kunne." Ya murɗa. Abin da ya fito ba ya kama da murya ko kaɗan. Wani ƙugi ne mai kauri, kamar an zuba tsakuwa cikin injin niƙa, kuma duk inda allura ta nufa yana biye da ita, daga mita 49 har zuwa mita 19. Can ƙarƙashinsa, in mutum ya kasa kunne sosai, zai ji alamar ana magana, ya tsinci kalma ɗaya ya rasa goma. Mushe ya kashe akwatin ya ce shekara kusan goma ke nan abin yana ƙaruwa. Da fari ya zaci akwatin ne ya gaji, ya kai shi wurin mai gyara har sau biyu, aka ce lafiyarsa lau.

Ya kamata a nan a yi wa mai karatu ɗan bayani, domin yawancinmu mun taso muna jin ana cewa "a kan mita 31" ba tare da mun tambayi ma'anarsa ba. Tashar FM tana jefa muryarta miƙe, kamar hasken tocila, shi ya sa in mota ta yi nisan kilomita ƴan gomomi daga gari sai muryar ta fara yankewa. Gajeren zango kuwa sama yake harbawa. Can nisan kilomita 200 zuwa 400 akwai wani rufi na iska wanda hasken rana ke cika shi da lantarki, shi ke karyo muryar ya maido ta ƙasa a wata nahiya. Ta haka ne abin da BBC ke watsawa daga tsibirin Ascension, a tsakiyar tekun Atlantika, inda ta kafa tasha a 1966, ke faɗowa cikin wani zaure a Tasawa bayan tafiyar fiye da kilomita 3000. Wannan rufi yana sauya hali tsakanin dare da rana. Da rana wani sashe nasa na ƙasa-ƙasa yana shanye dogayen mitoci, dole a koma mita 19 ko 16, da dare kuma ya janye, mita 49 da 60 su buɗe. Shi ya sa gidajen radiyo ke sauya mita daga shirin safe zuwa na dare, shi ya sa kuma murya ke tafiya tana dawowa kamar igiyar ruwa. Lissafin ma ba wuya: a raba 300.000 da lambar kilohaz, a sami mita. A da, Muryar Sahel da take kan 9705 tana kan mita 31 ke nan, Radiyo Kaduna a kan 6090 tana mita 49.

To, muryar da ta yi irin wannan doguwar tafiya a gajiye take isowa, kamar baƙon da ya ketare Tenere. Ƙaramin abu a cikin gida ya isa ya danne ta. Kuma irin salon da gajeren zango ke ɗaukar magana da shi, wanda ake kira AM, a ƙarfin igiyar yake ɗora sauti, don haka kowane tartsatsin lantarki shiga yake cikin maganar kai tsaye. FM ba ta damu da wannan ba, da wani salo dabam take aiki. Ga dalilin da ya sa maƙwabcin Mushe ke jin waƙarsa garau a tashar gari, shi kuwa yana fama.

Mushe ya san masu yi masa kutse tun na da, har ya ba kowane suna. Akwai tsawa, wadda ke sa akwati ƙaras-ƙaras da damina tun hadari yana nesa, har yakan gaya wa manoma su shirya kafin su ga gajimare. Akwai moto, wanda fulogonsa ke ratsa magana tat-tat-tat ya wuce. Akwai mai walda na bakin kasuwa da injin niƙa. Akwai kuma na lokacin hunturu, sa'ad da ƙura ke taruwa a kan kwalaben da ke riƙe manyan wayoyin wuta, wutar ta riƙa tsalle tana zuuu dare farai. Duk waɗannan, in ji shi, baƙi ne masu zuwa su tafi, mutum ya yi haƙuri minti biyar su ba shi wuri. Na yanzu kuwa ɗan gida ne, ya shimfiɗa tabarma.

Yadda ya gano shi abin koyi ne ga duk mai irin wannan matsala. Wata rana ya sa pil a akwatin, wato batir, ya kashe wutar gidansa gaba ɗaya daga wurin kwantar. Ƙugin ya ragu da kusan rabi. Sai ya riƙa kunna kayan ɗaya bayan ɗaya. Firji bai yi kome ba, fanka ma haka. Da ya kunna fararen ampul ɗin nan masu tsimin wuta da ƴaƴansa suka sa masa a tsakar gida, sai ga ƙugi ya dawo. Da jikarsa ta soka cajar salula, ya ƙaru. Sauran rabin kuma ya bi shi da ƙaramin akwati a hannu, yana tafe yana juya shi, kamar mai bin sawun ɓarawon akuya, har sawun ya kai shi bayan katangarsa, inda wani saurayi ke da rumfar cajin waya: allo guda cike da caja sun fi talatin, faifan hasken rana a bisa rufi, babban batir a ƙasa, da na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida.

Dalilin a fili yake ga masu ilimin lantarki. Tsofaffin kayan wuta da taransifoma mai nauyi suke aiki, ƙarfe da jan waya, ba su da surutu. Caja ta zamani, da ampul na zamani, da na'urar sola, duk suna yanka wuta suna haɗawa sau dubu hamsin ko fiye cikin daƙiƙa ɗaya, shi ya sa suka zama ƙanana, marasa nauyi, masu araha. Amma kowane yanka tartsatsi ne, kuma tartsatsin yana haifar ƴaƴa da jikoki da ke bazuwa har cikin mitocin radiyo. Wayoyin da aka ja cikin gida su zame masa anten. Maganin abin ƴan ƙananan kayan tacewa ne da ake sawa cikin cajar, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, kuma a Turai tun 1996 doka ta hana sayar da kayan lantarkin da ba su cika wannan sharaɗi ba. Sai dai mai ƙera cajar da za a sayar dala ɗari a kasuwar ƙauye, abin da yake fara cirewa ke nan, tunda waya za ta yi caji ko da shi ko babu shi, mai saye kuma ba zai taɓa sani ba. Ƴan kasuwarmu masu sarin irin waɗannan kaya kwali-kwali daga Kano ko ta Kwatano, ba na jin akwai wanda ya taɓa kawo musu wannan ƙara.

Na je na ga saurayin. Yaro ne mai ladabi, da jin sunan Mushe ya sauke murya. Ya ce: "Wallahi yaya, Baba ya koyar da mahaifina, ba zan so in ɓata masa ba. Amma da dare ne mutanen ƙauye ke barin wayoyinsu su karɓa da safe. In na kashe, me zan kai gida?" Maganarsa gaskiya ce. Ta Mushe ma gaskiya ce. Mai unguwa da aka kai wa zancen, an ce dariya ya yi, ya ce shi ya saba raba rigimar kan iyakar gona da ta kwata, amma bai san inda iyakar iska take ba. Daga ƙarshe sun daidaita a tsakaninsu: yaron kan kashe na'urar juya wuta na rabin sa'a da dare, in bai manta ba, in kuma ciniki bai yi yawa ba. Sai dai rumfarsa ɗaya ce cikin rumfuna, ampul kuwa kowane gida akwai.

Akwai shafi ɗaya a kayen Mushe da ya nuna mini yana murmushi, na farkon watan Agusta 2023. Mai karatu ya tuna cewa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa ƙasarmu takunkumi, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu. Wutar jahohin Maraɗi da Damagaram kuwa ta layin Katsina take shigowa, ta sauka nan Gazawa, maƙwabciyar Tasawa. Gari ya yi duhu, masu sayar da ƙanƙara da masu ɗinki suka shiga uku. A wannan dare Mushe ya cika shafi biyu da tashoshi, duk da damina ce ana tsawa, wasu ma ya ce rabonsa da su shekara da shekaru. Ya ce ya ji kunyar murnar da ya yi, don ya san maƙwabtansa asara suke. Murnar ma ba ta daɗe ba. Cikin ƴan watanni masu hali suka sayi gurup, wasu suka ɗora faifan sola, kuma lokacin da wutar ta dawo a watan Maris 2024, bayan ɗage takunkumin, sai ta tarar da sababbin masu surutu sun riga sun kama wuri.

In hira ta koma kan zamanin da, Mushe ba ya gajiya, ni ma ban hana shi ba. Radiyo Nijar ta fara magana a 1958, shekara biyu kafin ƴancin kai, aka kafa ORTN a 1967, aka raɗa wa tashar suna Muryar Sahel a 1974. Amma abin da ya fi riƙe masa zuciya shi ne ƙungiyar kulob-kulob na radiyo, wadda aka kafa a 1962. Tsarin mai sauƙi ne. Akan ba mai jagoranci, galibi mushen lakwal, akwati da rakoda. Da yamma ya tara mutanen gari a dandali, a saurari shiri kan auren wuri, ko bashin iri, ko rigakafin ƙyanda, sa'an nan a buɗe muhawara, ya ɗauki muryoyin mutane, ya aika Yamai. Bayan ƴan makonni manomi ya ji muryarsa tana fitowa daga akwati, dukan ƙasa tana ji. Mushe ya yi wannan aiki a wani ƙauye arewa da Tasawa. Ya ce ranar da aka sa muryar wata tsohuwa tana ƙorafin nisan rijiya, har guɗa aka yi, kuma tsohuwar ta ƙi yarda ita ce, ta ce wannan mai maganar ta fi ta iya tsara zance.

Ga ɗan kasuwa kuwa, kunnensa kudu yake kallo. Radiyo Kaduna, wadda aka kafa a 1962 zamanin Sardauna, ta zama tamkar tashar gida a duk faɗin ƙasar Katsina da Gobir ta wannan ɓangare, da Jakar Magori, da Zaɓi Sonka, da waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo. Wanda ke kai wake da dabbobi Jibiya ko Mai'aduwa dole ya san halin da naira take ciki kafin ya ɗaure kaya, ya san ko an rufe iyaka, ko an sauya kuɗi kamar yadda aka yi a 1984. Sashen Hausa na BBC ya fara a watan Maris 1957, na Muryar Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979, kuma Masko, da Bejin, da Alƙahira duk sun yi ta zawarcin kunnen Bahaushe da harshensa. Ma'aikaci mai jin Faransanci yana da Africa N°1, wadda ta fara watsawa daga Moyabi ta ƙasar Gabon a 1981. Da safe a saurari London, a gwada da abin da Yamai ta faɗa, a auna da na Kaduna, a fitar da gaskiya a tsakani. Mutanen da ba su taɓa zama aji ba sun san sunan babban birnin Nikaraguwa.

Ranakun da ƙasa ta girgiza, duk a akwati aka ji su. Ranar 15 ga Afrilu 1974 kiɗan soja ya tashe su, Mushe yana ɗalibi, aka ce Diori ya faɗi. A 1991, daga 29 ga Yuli har 3 ga Nuwamba, babban taron ƙasa a ƙarƙashin jagorancin André Salifou ya hana mutane aiki, manomi ya rataye akwati a reshen gawo yana noma yana jin ana tuhumar manyan da a da ko sunansu ba a iya faɗa da ƙarfi. Masu sayar da pil sun yi ciniki a wannan shekara. Sun kuma ga tsiya bayan 12 ga Janairu 1994, da aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tsada, har mutane suka koma shanya matattun pil a rana ko za su ƙara kwana ɗaya. Sai kokowa, tun daga gasar farko ta 1975 a Tawa, wadda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobinta: in ana kokowa ba mai neman London.

Ina jin daɗin wannan hira, amma ba duka nake saye ba. Tashar da Mushe ke bege, bakin gwamnati ce, jam'iyya ɗaya ko soja ɗaya, kuma kulob ɗin radiyo ma tace muryoyin ake yi a Yamai kafin a saki. Zuwan tashoshi masu zaman kansu, R&M a 1994, Anfani a 1995, da kuma radiyoyin karkara da suka fara daga Bankilare a 1999, ya ba talaka bakin da bai taɓa samu ba, har samari suka riƙa kafa fada suna aika gaisuwa da sunanta. Sai dai wannan ci gaba ya zo da wani abu da ba mu lura da shi ba a lokacin. Da manyan tashoshin waje suka ga ana iya jin su garau ta FM a bakin abokan hulɗa na cikin gida, sai suka fara rage kashe kuɗi a gajeren zango, masu sauraro su ma suka manta da shi. Muryar Jamus ta rufe tasharta ta Kigali a 2015. BBC ta rufe radiyonta na Larabci a Janairu 2023, bayan shekara 85. Alhali kuwa FM, kamar intanet, makunninta a hannun hukuma yake, takarda ɗaya ta isa. Ba ina cewa duk abin da baƙo ya faɗa gaskiya ne ba, kowace tasha da uban gidanta da manufarta. Amma ɗan kasuwa ya fi kowa sanin cewa wanda ke jin farashi daga bakin dillali ɗaya, shi ake cuta.

Kwana biyu bayan haka muka ɗauki akwatin muka nufi Mayahi, arewa maso yamma da Tasawa, domin Mushe ya ce yana so in ji yadda abin yake a asali. Ƙasar tana sauyawa a hankali, yashi ya ƙaru, gonakin hatsi da wake sun zama kara tsaye, gawo kuwa ya yi kore shar, shi da ke fitar da ganye lokacin da sauran itatuwa ke zubarwa. Mayahi tana bakin Gulbin Kaba, gulbin da sunansa kawai ya rage, ruwansa ya koma ƙarƙashin ƙasa, goriba ta bi kwarinsa, daga kabarta ake saƙa tabarmi da igiyoyin da ke cika kasuwannin yankin. A cikin garin Mayahi kanta ba mu tsaya gwaji ba, ko'ina fararen ampul ne da rumfunan caji, kamar Tasawa. Wani dillalin wake da muka sha shayi tare ya nuna mini wayarsa, ya ce farashin Dawanau ta WhatsApp yake zo masa kafin ya gama kalaci, akwati kuwa ya bar wa tsohuwarsa tana jin sanarwar biki da ta rasuwa a tashar gari. Na tambaye shi in aka yanke layi fa? Ya ce Allah ya kiyaye.

Muka wuce wani ƙauye a kan hanyar Kananbakashe, inda wani tsohon ɗalibin Mushe ya sauke mu. Bayan sallar magariba muka fita bayan gari, muka hau wani tudun yashi. Ko nan sai da Mushe ya sa muka ƙara nisa, domin gida biyu a ƙauyen suna da fitilar sola. Wani yaro ya hau gawo ya ɗaura waya mai tsawon taku ashirin, Mushe ya kafa guntun ƙarfe a ƙasa ya zuba masa ruwan buta, ya haɗa. Da ya kunna, sai da na duba ko akwatin ya kama, saboda shirun da ya yi. Wani siririn huci ne kawai, kamar iska cikin kara. Yana taɓa allura sai ga muryoyi suna fitowa bi da bi: Larabci, Faransanci, karatun Alƙur'ani, wani mai wa'azi da Turanci, kiɗan Sin. Ƙarfe takwas da rabi London ta shigo da Hausa tamkar mai karanta labaran yana zaune bayan tudun. Dattawan da suka biyo mu suka gyara zama, aka yi tsit, sai da aka gama kanun labarai wani ya ce ashe tana nan.

Mushe bai tsaya nan ba. Ya bi mitocin da ya haddace tun yana saurayi, yana kiran sunan kowace kafin allura ta isa, kamar mai zaga tsohuwar unguwarsu. A 9580, gidan Africa N°1, ba kowa. A 5020 da 3260, inda Muryar Sahel kan kwana a shekarun baya, ba kowa. A 6090 ya daɗe yana jira ko Kaduna za ta yi tari, bai ji kome ba a wannan dare. Ya rubuta kowace a kaye, ya ja mata layi. Muryar Amurka ya same ta da Hausa, ya ba ta huɗu cikin biyar. Wata biyu bayan wannan dare, a tsakiyar Maris 2025, gwamnatin Trump ta dakatar da ma'aikatan gidan, sashen Hausa ya yi shiru, bayan shekara 46 yana magana.

Sanyi ya fara shiga ƙashi wajen ƙarfe goma, dattawan suka koma gida ɗaya bayan ɗaya. Mai masaukinmu ya tambaya ko a bar wayar a kan itacen, tunda shi ma akwai wani tsohon akwati na mahaifinsa a cikin rumbu, in an sami pil. Mushe ya ce a bar ta, ya nuna masa inda zai ɗaura bakinta a jikin anten, ya yaga takarda daga kaye ya rubuta masa mitocin safe da na dare, ya kuma gargaɗe shi da ya kwance ta daga akwatin da zarar hadarin farko ya taso.